Busarwa da Nukawar Tabar Wiwi ta Noman Gida: Giɓin da ke Tsakanin Doka, Kimiyya da Al'adar Manoma

Tsakure

Maƙalar ta nazarci matakan busarwa da nukawa na tabar wiwi da ake nomawa a gida a ƙasashen da doka ta halatta hakan. An kwatanta abin da littattafan manoma ke koyarwa da sakamakon binciken ɗakunan gwaji da kuma tanadin dokokin Yurugwai, Kanada da Jamus. Nazarin ya nuna cewa dokokin sun mayar da hankali ga yawan tsirrai da nauyin busasshen fure, suka bar batun danshi, wanda shi ne ke yanke hukunci kan ko fumfuna za ta yaɗu a kayan ko ba za ta yaɗu ba. Ya kuma nuna cewa ma'aunin laimar da manoma suka gano ta hanyar gogayya ya yi daidai da na masana, amma hanyoyin gwajinsu da iƙirarin cewa nukawa tana ƙara ƙarfin taba ba su da madogara mai ƙarfi.

1.0 Gabatarwa

Yurugwai ce ƙasa ta farko da ta halatta wa baligi noman wiwi a gida a ƙarƙashin cikakken tsarin doka, da Doka mai lamba 19.172 ta watan Disambar 2013, wadda ta yarda da gindi shida a kowane gida da girbin da bai wuce giram 480 a shekara ba. Kanada ta biyo baya a ranar 17 ga Oktobar 2018 da gindi huɗu ga kowane gida, ko da yake lardin Kwibek ya hana noman gida, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar masa da wannan iko a 2023. Malta ta yarda da gindi huɗu a 2021, Lukzambur ma haka a 2023, sai Jamus da ta ba kowane baligi damar gindi uku daga 1 ga Afrilun 2024. A nahiyar Afirka, Kotun Tsarin Mulkin Afirka ta Kudu ta yanke hukunci a Satumbar 2018 cewa ba laifi ba ne baligi ya noma wiwi a keɓe don amfanin kansa.

Wiwin da ake sayarwa a shagunan da ke da lasisi yana bi ta ɗakin gwaji kafin ya isa hannun mai saye. Na gida kuwa babu mai duba shi. Daga ranar yanka zuwa ranar da za a fara amfani da shi akwai makonni da dama, kuma a cikinsu ne ake sanin ko kayan zai zauna lafiya ko zai zama gidan fumfuna. Manufar wannan maƙala ita ce amsa tambayoyi uku. Me kimiyya ta tabbatar game da abin da ke faruwa ga furen bayan girbi? Ina al'adar manoman gida ta dace da wannan sani, ina kuma ta kauce? Wane matsayi dokokin suka ba wannan mataki?

A Nijeriya noman wiwi laifi ne a ƙarƙashin Dokar Tabar Wiwi ta 1966 da dokar da ta kafa hukumar NDLEA a 1989, don haka fagen nazarin shi ne ƙasashen da aka ambata a sama. Duk da haka, rahoton binciken shan ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a Nijeriya, saboda haka abin da ya shafi fumfuna da cutar huhu a nan ya shafi likitocinmu ma.

1.1 Kalmomin Fannu

A wannan maƙala, busarwa na nufin matakin farko na cire yawancin ruwan furen ta hanyar rataya shi ko shimfiɗa shi a iska. Nukawa na nufin mataki na biyu, inda ake rufe busasshen furen a mazubi na tsawon makonni. Adadin danshi shi ne kason nauyin furen da ruwa ya ɗauka. Sakakken ruwa shi ne ɓangaren ruwan da ƙananan halittu za su iya amfani da shi, ana kuma auna shi daga 0 zuwa 1, inda tsantsar ruwa ke kan 1. Laimar iska ita ce yawan tururin da iska ke ɗauke da shi idan aka kwatanta da iyakar abin da za ta iya ɗauka a wannan zafin.

2.0 Waiwayen Ayyukan Magabata

Rukuni na farko na ayyukan da suka gabata ya fito ne daga masana harhaɗa magunguna da masu binciken kayan shaida na kotu. Bayan Gaoni da Mechoulam sun ware sinadarin THC sun bayyana tsarinsa a 1964, sai tambaya ta koma kan yadda yake lalacewa. Fairbairn, Liebmann da Rowan (1976) sun nuna cewa haske shi ne babban abin da ke rage sinadaran, iskar shaƙa ta biyo baya, kuma kayan da aka adana a duhu a zafin ɗaki yana iya kai shekara ɗaya zuwa biyu ba tare da babbar asara ba. Ross da ElSohly na Jami'ar Mississippi sun auna asarar man ƙamshi bayan busarwa (1996), sannan suka yi amfani da yawan CBN, sinadarin da THC ke komawa in ya daɗe, a kan THC wajen ƙiyasta daɗewar samfuri a ajiya (1997).

Rukuni na biyu na likitoci ne. Chusid da abokan aikinsa (1975) sun ba da rahoton majiyyaci mai raunin garkuwar jiki da ya kamu da cutar fumfunar Aspergillus a huhu, suka danganta ta da gurɓataccen wiwi. Taylor da abokansa (1982) sun bi diddigin ɓarkewar cutar Salmonella ta 1981 a wasu jihohin Amurka har zuwa wiwin da ya gurɓata da kashin dabbobi. Kagen da abokansa (1983) sun sami Aspergillus a samfurori, suka kuma ga alamun jiki ya taɓa haɗuwa da ita a jinin masu sha. Hamadeh da abokansa (1988) sun ruwaito mutuwar wanda aka yi wa dashen ɓargo sakamakon cutar Aspergillus.

Rukuni na uku shi ne littattafan manoma, irin su jagorar Frank da Rosenthal (1978) da littafin Clarke kan tsiron (1981). Waɗannan an rubuta su ne a zamanin haramci, lokacin da yawancin jami'o'i ba sa iya gwaji kan noman, don haka iliminsu na gogayya ne da ake gada baki da baki. Su ne tushen yawancin abin da manoman gida ke yi a yau. Bitocin baya-bayan nan, kamar na Challa, Misra da Martynenko (2021) da na Das da abokansa (2022), sun yi ittifaƙi cewa hanyoyin busarwar da ake bi sun dogara ne ga al'ada fiye da gwaji mai tsari. Ta fuskar zamantakewa, binciken Potter da abokansa (2015) kan ƙananan manoma sama da 6,500 a ƙasashe 11 ya nuna cewa daga cikin dalilan noman gida akwai son kauce wa kasuwar bayan fage da son samun kaya mai tsabta. Abin da ba a haɗa ba a waɗannan ayyuka shi ne duba sakamakon gwaji da lafazin doka a waje ɗaya.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

Nazarin na laburare ne. An karanta rubuce-rubuce iri uku: maƙalun mujallun kimiyya, ƙa'idojin inganci na hukumomi, da matanin dokokin ƙasashe uku. An zaɓi Yurugwai saboda ta ƙayyade girbin shekara, Kanada saboda ta kafa ƙa'idar musayar ɗanye da busasshe, Jamus kuma saboda ta ɗaure iyakar mallaka a kan nauyi bayan bushewa. An ɗauki kowane iƙirari na al'adar manoma an auna shi da ra'in sakakken ruwa, wanda W. J. Scott na Ostareliya ya kafa a ilimin adana abinci a ayyukansa na 1953 da 1957. Lissafin nauyi da ke sashe na 4.5 na maƙalar ne, an gina shi a kan sanannun alƙaluman danshi.

4.0 Nazari

4.1 Ruwa da Yadda Yake Fita

Ɗanyen furen wiwi yana ɗauke da ruwa kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na nauyinsa. Busasshen da ya dace da ajiya yana kan kashi 10 zuwa 12. Kundin Magunguna na Turai, a babin furen wiwi da ya fara aiki a Yulin 2024, ya sa iyakar kashi 12. Amma adadin danshi shi kaɗai bai isa ya nuna ko kaya zai lalace ba. Zuma tana da ruwa kusan kashi 17 kuma tana shekaru ba ta ɓaci ba, alhali masarar da aka zuba a rumbu da wannan adadin danshi ba ta daɗewa sai ta yi fumfuna. Bambancin shi ne sukarin zuma ya riƙe ruwanta, na masara kuwa a sake yake. Wannan ne ya sa ƙungiyar tsara ƙa'idoji ta ASTM, wadda ta kafa kwamitin wiwi a 2017, ta gina ƙa'idarta mai lamba D8197 a kan sakakken ruwa, ta ce busasshen fure ya zauna tsakanin 0.55 da 0.65. Jihar Kalifoniya ma ta sa 0.65 a matsayin iyakar da furen kasuwa ba zai wuce ba.

Kowace iyaka tana da dalilinta. Sama da 0.65, fumfunan da ke jure fari suna fara samun abin rayuwa. Ƙasa da 0.55, furen yana zama garas, ƙananan gasun da ke ɗauke da danƙon tsiron suna karyewa su zube, kuma a cikinsu ne sinadaran suke.

Matsalar da ta fi rikita manomin gida ita ce ruwan ba ya fita daidai wa daida. Bayan furen yana bushewa da wuri, cikinsa da karan tsakiya suna riƙe ruwa. Idan iskar ɗaki ta yi zafi ko ta bushe ƙwarai, sai bayan ya ƙame tun cikin yana jiƙe, mai taɓawa ya ɗauka aiki ya kammala. Da zarar an rufe irin wannan fure a kwalba, ruwan ciki yana tasowa zuwa waje har ko'ina ya daidaita, sai a wayi gari furen da ya yi garas jiya ya yi laushi. Wannan shi ne lokacin da haɗari ya fi yawa, domin an tara danshi da rashin motsin iska a waje ɗaya.

Al'adar manoman Amurka ta Arewa tana da ƙa'idar da suke kira sittin-sittin, wato zafin digiri 60 a ma'aunin Farenhait, kimanin 15.5 a na Salshiyas, da laimar iska kashi 60, na tsawon mako ɗaya zuwa biyu. Idan aka duba ta da idon kimiyya, ƙa'idar tana da ma'ana: abin da aka bari a iska mai laima kashi 60 zai ci gaba da sakin ruwa har sakakken ruwansa ya kusanci 0.60, wanda ke tsakiyar ma'aunin ASTM. Haka nan 'yan fakitin daidaita laima da ake sayar musu, irin na kamfanin Boveda, suna zuwa ne da kashi 58 da 62. A nan gogayya ta riga ɗakin gwaji isa wurin.

Inda al'adar ta yi rauni shi ne gwajin gane bushewa. Ana koya wa manomi ya lanƙwasa ƙaramin reshe, in ya karye da ƙara to ya bushe. Wannan gwaji yana auna reshe ne, ba ya auna cikin fure, kuma sakamakonsa yana canzawa da kaurin reshen da irin tsiron. Fure mai cunkoso yana iya riƙe ruwa mai yawa bayan siraran rassansa sun fara karyewa. Ra'in sakakken ruwa ya ba da mafita mai sauƙi: a mazubin da ke rufe ruf, bayan komai ya daidaita, laimar iskar ciki tana daidai da sakakken ruwan kayan. Na'urar auna laima da ta nuna kashi 70 a cikin kwalba tana faɗin cewa furen yana kan 0.70, wato ya haura iyaka.

4.2 Fumfuna da Lafiyar Mai Sha

Fumfuna ba ta jiran girbi. Botrytis cinerea, mai ruɓar da cikin fure, tana kama tsiro tun yana tsaye, ta ɓuya a tsakiyar manyan furanni inda ido ba ya gani. Ayyukan Punja da abokansa na Jami'ar Simon Fraser a Kanada (2019, 2023) sun nuna cewa nau'o'in Penicillium da wasu fumfunan suna zaune a kan furen kafin yanka da bayansa, kuma yawansu yana canzawa da irin tsiron, yanayin wurin noma da yadda aka sarrafa shi. Aske ganye tun furen yana ɗanye yana raunata naman tsiron ya fito da ruwa da abinci ga waɗannan halittu.

Kowace halitta tana da iyakar sakakken ruwan da take bukata. Yawancin bakteriya suna tsayawa ƙasa da 0.90. Aspergillus flavus, wadda manoman gyaɗa da masara suka sani da gubar afulatoksin, tana bukatar kusan 0.80. Ƙasa da 0.60 da wuya a sami halittar da ke hayayyafa. Kwanakin farko na busarwa, lokacin da furen ke saukowa daga sama da 0.90 zuwa ƙasa da 0.80, su ne suka fi nauyi. Jinkirin da ya yi yawa a wannan zango yana ba fumfuna lokaci, gaggawa kuma tana haifar da ƙamewar baya da aka bayyana a sama. Dukkan wahalar aikin tana tsakanin waɗannan biyun.

Wajibi ne a jaddada cewa busarwa tana dakatar da fumfuna ne, ba ta kashe ta. Ƙwayoyin irinta suna nan a raye, suna jiran danshi ya dawo, kuma gubar da ta riga ta zuba ba ta gushewa don an busar da kaya. Saboda haka shawarar da ake ji a tsakanin wasu manoma, cewa a cire wurin da ya yi fari-fari a sake shanya sauran, ba ta da tushe. Holan, wadda ta fara ba da wiwin magani ta kantunan magani a 2003, tana haska kayanta da hasken gamma don ta rage waɗannan halittu, kuma Hazekamp (2016) ya nuna cewa haskawar ba ta canza yawan sinadaran THC da CBD ba, sai dai ta rage wasu sinadaran ƙamshi. Kalifoniya tana tilasta gwajin nau'o'in Aspergillus huɗu, fumigatus, flavus, niger da terreus, tare da gubar afulatoksin da okuratoksin. Manomin gida ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan kariya.

Ga mai cikakkiyar lafiya haɗarin cutar fumfuna mai kutsawa cikin huhu kaɗan ne. Ga wanda ake yi wa maganin sankara, wanda aka yi wa dashe, ko mai ƙanjamau da ya yi nisa, abin yana iya kai ga rasa rai. Benedict, Thompson da Jackson (2020), da suka duba bayanan inshorar lafiya na Amurka na 2016, sun sami cewa masu shan wiwi sun ninka waɗanda ba sa sha sau uku da rabi wajen kamuwa da cututtukan fumfuna. Binciken bai tabbatar da cewa wiwin ne sanadi ba, amma ya isa ya jawo hankali. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne marasa lafiya suna cikin waɗanda ke komawa noman gida, saboda tsadar kayan kanti ko don ganin cewa abin da mutum ya shuka da hannunsa ya fi aminci.

4.3 Sauyin Sinadarai

A ɗanyen tsiro, yawancin THC yana zaune ne a siffarsa ta asid, wato THCA, wadda ba ta sa maye. Zafi ne ke cire mata wani ɓangare ta koma THC, abin da ke faruwa cikin mintuna a sama da digiri 100, ya kuma ɗauki watanni a zafin ɗaki. A wannan sauyi nauyi yana raguwa, shi ya sa ɗakunan gwaji ke ninka THCA da 0.877 kafin su haɗa jimilla. THC ɗin kuma, in ya daɗe da iska da haske, yana komawa CBN. Ross da ElSohly (1997) sun sami asarar THC ta kusan kashi 17 bayan shekara ɗaya a zafin ɗaki, ta haura kashi 40 bayan shekara huɗu.

Sinadaran ƙamshi sun fi saurin tafiya. A binciken 1996, man ƙamshin furen ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku bayan mako ɗaya na busarwa, ya ragu da fiye da rabi bayan wata uku na ajiya, kuma ƙananan sinadarai masu saurin tashi su ne suka fi ɓacewa. Wannan ya goyi bayan al'adar busarwa a wuri mai sanyi da duhu.

4.4 Nukawa: Abin da Take Yi da Abin da Ake Jingina Mata

Manoma suna jingina wa nukawa abubuwa uku: daidaita danshi, gyara ɗanɗano ta hanyar rushe koren sinadarin ganye, da ƙara ƙarfin taba. Na farko tabbatacce ne, kuma an bayyana yadda yake faruwa a 4.1. Al'adar buɗe kwalba kullum a makon farko ba komai ba ce illa ci gaba da busarwa a hankali: ana fitar da iskar da ta cika da tururi, a shigar da wadda ta fi ta bushewa.

Na biyu yana bukatar a yi masa kallon tsanaki. Tunanin ya samo asali ne daga sarrafa ganyen taba sigari, inda kimiyyar abin ta daɗe da zama sananniya. A can, matakin da ganye ke komawa rawaya yana faruwa ne a farko, cikin laima mai yawa da ɗumi, tun ƙwayoyin ganyen suna raye. A lokacin ne sitaci ke komawa sukari, koren sinadari ya rushe. Da zarar ganyen ya bushe, waɗannan ayyuka suna ja baya ƙwarai. A wiwi kuwa abin da ake kira nukawa yana zuwa ne bayan furen ya sauka kusa da 0.60. Abin da hankali ya fi karɓa, saboda haka, shi ne yawancin sauyin launi da ɗanɗano yana faruwa ne a kwanakin busarwa a hankali, kwalba kuma tana cin yabon aikin da aka yi kafin a kai gare ta. Wannan hasashen maƙalar ne da aka gina a kan kwatance da taba sigari, kuma ya cancanci a gwada shi ta hanyar auna koren sinadari da sukari a kowane mataki.

Akwai al'adun da suke nukawa da danshi da gangan, kamar ta Malawi, inda ake naɗe furen a ganyen ayaba ko ɓawon masara a ɗaure shi tamau har ya yi duhu. Wannan wani aiki ne dabam, na ruɓawa mai iyaka, kuma yana gudana a zangon sakakken ruwan da ƙa'idojin lafiya suke gudu.

Iƙirari na uku shi ne mafi rauni. Idan aka auna giram ɗaya na fure kafin ya gama bushewa da bayan ya gama, kason sinadari zai ƙaru, amma ruwa ne ya fita, ba sinadari ne ya shigo ba. Haka nan THC yana iya ɗan hauhawa yayin da THCA ke sauka, jimillarsu kuwa ba ta ƙaru ba. Duk binciken adanawa da aka waiwaya a sama raguwa yake nunawa. Amfanin nukawa, in an yi ta daidai, shi ne rage saurin asara.

4.5 Doka da Ma'aunin Nauyi

Bari a ɗauki giram 100 na ɗanyen fure mai ruwa kashi 78. Tsantsar kayan da ke cikinsa giram 22 ne. In aka busar da shi zuwa danshi kashi 11, nauyinsa zai zama kusan giram 25, wato huɗu sun koma ɗaya. Dokar Kanada ta ɗauki giram 5 na ɗanye daidai da giram 1 na busasshe wajen lissafin iyakar giram 30 da mutum zai iya fita da shi bainar jama'a. Ƙa'idar ta ɗan fi lissafin sassauci, amma ta yi abu mai muhimmanci: ta amince cewa ɗanye da busasshe ba ɗaya ba ne, ta kuma ba jami'i hanyar lissafi.

Jamus ta ɗauki wata hanya. Daftarin farko ya sa iyakar giram 25, majalisa ta ɗaga ta zuwa giram 50 a gida, ta kuma fayyace cewa nauyin bayan bushewa ake nufi. Tsakanin giram 50 da 60 saɓa ƙa'ida ne na tara, sama da 60 kuwa laifi ne na hukunci. Amma bushewa mataki-mataki ce. Giram 55 na fure mai danshi kashi 20 yana ɗauke da tsantsar kaya giram 44, wanda a danshi kashi 11 bai kai giram 50 ba. Kaya ɗaya ne, ya haura iyaka a wannan mako, ya dawo ƙarƙashinta a mako mai zuwa. Bugu da ƙari, gindi uku da aka kula da su suna iya ba da abin da ya zarce giram 50 nesa ba kusa ba, kuma dokar ta hana a ba wani daga cikin girbin gida. Abin da ya rage wa manomi shi ne girbi kashi-kashi ko lalata rarar. Tsarin Yurugwai na giram 480 a shekara ya fi dacewa da yadda noma yake, domin girbi yana zuwa ne a dunƙule, a ci shi a hankali.

Kowane tsari yana tura manomi wani ɓangare. Inda iyakar nauyi ta yi tsauri, akwai kwaɗayin busarwa fiye da kima ko cikin gaggawa. Inda aka yarda da ajiya mai yawa, watannin da kaya zai yi a rufe suna ƙaruwa, kuskuren danshi kaɗan kuma yana samun lokacin girma. Akwai ma batun ɗakin kansa: kilo ɗaya na ɗanyen fure yana sakin kusan kashi uku cikin huɗu na litar ruwa a iskar gida. Eykelbosh da Steiner (2018), a rahoton da suka rubuta wa wata cibiyar lafiyar muhalli ta Kanada, sun lissafa laima da fumfunar gida a cikin haɗuran noman cikin ɗaki. Dokokin da ke bukatar a nesanta kayan daga yara da maƙwabta suna sa mutane su rataya girbi a kabad ko ɗakin ƙasa, inda iska ba ta yawo.

5.0 Abin da Ya Rataya a Wuyan Hukumomi da Manazarta

Ƙasar da ta halatta noman gida ta ɗauki alhakin ba da sahihin bayani game da shi, kamar yadda hukumomin aikin gona suke yi wa masu adana abinci a gwangwani a gida. Ba za a iya kai girbin kowa ɗakin gwaji ba, amma ana iya buga gajeriyar sanarwar lafiya mai ɗauke da iyakar 0.65, bayanin cewa kayan da ya yi fumfuna zubarwa ake yi gaba ɗaya, da gargaɗi na musamman ga masu raunin garkuwar jiki. Ya kamata kuma masu tsara doka su bayyana adadin danshin da suke nufi da busasshe, su ɗauko shi daga Kundin Magunguna na Turai tunda yana nan a rubuce.

Ga manazarta, gwajin da ya fi gaggawa shi ne na ingancin ƙananan na'urorin auna laima da manoman gida ke saya, tunda duk shawarar da ke sama ta dogara gare su. Hanyar tantance su tana da arha: jiƙaƙƙen gishirin girki a rufaffen mazubi yana riƙe laimar iska a kan kashi 75, kamar yadda jadawalin Greenspan (1977) ya nuna. Na'urar da ta karanta 70 a wannan gwaji tana rage maki biyar, kuma idan ta nuna 63 a kwalbar fure, ainihin sakakken ruwan yana kusa da 0.68.